Tambaya da Amsa: Abin da Asibiti Zai Bar wa Manhajar Ɗaukar Ma'aikata da Abin da Ba Zai Bar Mata Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni likita ne, muna da ƙaramin asibiti ni da abokin aikina. A bara ya matsa mini muka yi rajista da wata manhajar ɗaukar ma'aikata ta intanet, wai mu huta da tarin ambulan da ake jibge mana a ofis. Da muka tallata gurbin nas da na ungozoma, takardu suka yi ta kwararowa. Manhajar ta jera mana mutane daga sama zuwa ƙasa, muka kira na saman, amma da suka zauna a gabanmu sai muka ga baki ne kawai. Abin da ya fi ci mini rai, wata ungozoma da na san aikinta tun da daɗewa ta ce mini ta nema, kafin ta ajiye waya saƙo ya shigo cewa ba ta dace ba. Ni ko sunanta ban gani ba. Hajiya, mu watsar da abin nan mu koma takarda, ko mu ne ba mu iya ba?
Daga likita mai ƙaramin asibiti

AMSA: Wa'alaikumus salam, Likita. Kada ku watsar da ita tukuna. Amma kafin ka sake kiran kowa, nemi wanda ya saita tallar nan ya zauna kusa da kai, ku buɗe fom ɗin ku karanta tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ina kyautata zaton a nan ungozomarka ta faɗi.

Saƙon da ya riga ta ajiye waya, babu mutumin da ya aiko shi. Yawancin waɗannan manhajoji suna ba mai ɗaukar aiki damar sa tambayoyin da ke kora kai tsaye. In mai nema ya amsa da a'a, ko ya rubuta adadin da bai kai wanda aka ƙayyade ba, takardarsa ta faɗa jakar waɗanda aka sallama ke nan, kuma ba za ta fito a allonka ba sai ka je ka neme ta. Ɗauki tambaya irin wannan: "Shekara nawa kika yi kina aiki a asibiti ba tare da yankewa ba?" a ce kuma an sa biyar a matsayin mafi ƙaranci. Ungozomar da ta yi shekara goma sha tana karɓar haihuwa, amma ta tsaya shekara guda don reno ko jinyar mahaifiyarta, in mai gaskiya ce uku ko huɗu za ta rubuta. Wanda gaskiya ba ta dame shi ba zai rubuta shida ya wuce abinsa. Rariya ce kuka girka, kuma girman idon da kuka huda mata shi ke yanke abin da zai wuce, ita ba ruwanta da tsaba ko tsakuwa.

Wata hanyar da ƙwararru ke ɓacewa ita ce wajen karanta takardar tarihin aiki, wato CV. Manhajar tana tsinto kalmomi ne daga rubutun ta zuba su a gurabe: suna, makaranta, wuraren aiki, shekaru. Wanda ya ɗauki hoton takardarsa da waya ya ɗora, a wasu manhajojin tamkar bai rubuta komai ba ne, domin rubutun cikin hoto ba ya karantuwa gare su da kyau. Wadda kuma ta rubuta "na yi aiki a ɗakin haihuwa" ta yi shiru, saboda a ganinta duk wanda ya san aikin ya san abin da hakan ke nufi, makinta zai zo ƙasa da na yaron da ya kwafe kalmomin tallarku ya zuba a takardarsa. Ga shi yanzu ƙirƙirarriyar basira tana tsara wa kowa takarda mai sheƙi cikin minti ɗaya. To waɗanda kuka kira ɗin, a takarda kam sun fi kowa, ba ƙarya manhajar ta yi muku ba.

Kada ka ɗauka ƙarancin asibitinku ne ya jawo. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya jingine wata manhaja da ya ƙera don ba masu neman aiki maki, bayan an gano tana rage wa takardun mata daraja. An koyar da ita ne da takardun shekara goma da suka gabata, mafi yawansu na maza, sai ta ɗauka namiji ake so. In kamfani mai wannan ƙarfi ya kasa gyara tasa har ya haƙura, ban ga dalilin da zai sa ka miƙa wa lambar da ke gaban sunan mutum hukuncin wanda zai riƙe maka ɗakin haihuwa da tsakar dare ba.

Ni dai a wurina tambayoyin kora kai tsaye kada su wuce abin da doka ko yanayin aikin ya tilasta: yana da lasisi mai rai, yana da izinin aiki a ƙasar, ya yarda da aikin dare idan gurbin ya ƙunshi haka. Sauran duka idon mutum ne zai karanta. Ku rubuta sharuɗɗan da ba makawa, biyar ko shida, tun kafin ku buɗe takardar kowa, don kada ku ga wani ya burge ku sannan ku ɗinka sharuɗɗan daidai jikinsa. Mutum biyu su ba da maki kowa shi kaɗai, sannan su haɗu su gwada. Ɗayansu ya kasance shugabar nas-nas ɗinku, domin ita za ta zauna da wanda aka ɗauka, kai kam zagaye kake yi ka fita. In manhajarku tana iya ɓoye suna da shekarun haihuwa a wannan mataki, ku kunna. Haka ake yi a shafin ɗaukar ma'aikata na hukumar lafiyar Birtaniya, NHS, kuma yana rage "ɗan wane ne" ƙwarai.

Sannan ku sa tambaya guda wadda sai wanda ya yi aikin zai amsa ta da rai. Misali ga ungozoma: "Ba mu labarin ranar da mace ta ɓalle da jini bayan haihuwa a hannunki. Me kika fara yi, wa kika kira?" Wadda ta taɓa tsayawa a wannan hali za ka ji ta ce ta ƙwala kira a kawo mata ɗauki, ta murza mahaifa don ta tsuke, ta yi allurar oksitosin mai sa mahaifa tsukewa, ta duba ko mabiyya ta fita duka, ta sa ruwa, ta duba ko akwai yagewa, tana kuma lura da yawan jinin da ya zuba. Sau da yawa har za ta gaya maka abin da babu a ɗakin ranar da yadda ta yi dabara. Wadda ta kwaso daga littafi za ta jero komai tsaf, amma babu mutum ko ɗaya a labarinta. Ranar intabiyu ku ɗauko amsar ku ce ta ci gaba daga inda ta tsaya. Nan take za a gane wa ya rubuta.

Yawan takardun da ya dame ka kuwa, rabinsa laifin tallar ne. In ta faɗi sashen da za a yi aiki, yadda ake karɓa-karɓa, dare nawa a wata, da albashi, mutane da yawa za su sallami kansu tun kafin su cike fom. Kai ma ka ɗauki wayarka ka nemi aikin kamar baƙo. In fom ɗin ya sa ka ɗora CV sannan ya ce ka sake rubuta duk abin da ke ciki, ko ya goge komai da intanet ta yanke, to ka sani nas ɗin da ta sauka daga aikin dare ba za ta ƙarasa shi ba. Marar aikin yi ne ke da wannan lokacin. Kuma ku riƙa amsawa da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2020 cewa duniya na da giɓin nas-nas kusan miliyan 6. Ƙwararriya ba za ta zauna wata biyu tana jiran ku ba.

Ungozomar taka, buɗe jakar waɗanda aka sallama ka ciro ta, ka kuma duba su wa ke kwance tare da ita. Ka ba ta haƙuri, amma ta bi layi ɗaya da kowa. In ka shigo da ita ta bayan gida, gobe abokin aikinka ma yana da wadda ya sani.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni ce shugabar nas-nas a asibitinmu. Mun zaɓi wani nas ta manhaja, ya ɗora lasisinsa da satifiket ɗinsa da wasiƙun shaida biyu, manhajar ta nuna koren maki cewa komai ya kammala. Muna cikin ƙarancin hannu sosai, shugabanmu ya ce ya fara ranar Litinin. Ni kuma raina bai kwanta ba, amma ban san me zan ce ba tunda kwamfuta ta ce ya cika. Ya zan yi?
Daga wata Sista

AMSA: Sista, ranki ya fi koren makin nan gaskiya. Abin da makin ke nufi a yawancin manhajoji shi ne an ɗora wani abu a kowane gurbi. Da hoton takardar wani ya ɗora, kore zai nuna. Sai fa in kamfanin ya nuna muku a rubuce cewa manhajar tana tuntuɓar rajistar hukumar ba da lasisi kai tsaye. Ki tambaye su, kada ki yi zato.

Ƙa'idar ita ce a tabbatar da takarda daga wurin wanda ya bayar da ita, ba daga hannun wanda ya kawo ta ba. Lasisi, a duba shi a rajistar hukumar nas-nas ta ƙasar. Ƙasashe da yawa sun sa rajistarsu a intanet: a Birtaniya kowa na iya neman sunan nas a ta hukumar nas-nas, NMC, ko na likita a ta hukumar likitoci, GMC, a Amurka akwai shafin duba lasisin nas mai suna Nursys. Inda babu irin wannan, a rubuta wa hukumar. Ki duba suna da lamba sun yi daidai, lasisin bai ƙare ba, kuma babu wani takunkumi a kansa. Satifiket kuma a tambayi makarantar.

Ga dalilin da ya sa nake da zafi a kan wannan. Zholia Alemi ta yi sama da shekara 20 tana aiki a matsayin likitar ƙwaƙwalwa a Birtaniya da takardar digirin da ta ce daga Jami'ar Auckland ta Niyuzilan ta samo, alhali ba ta kammala karatun likita ba. A 1995 aka yi mata rajista bisa takardun da ita ta gabatar, har da kuskuren rubutu a wasiƙar shaidar. Sai a 2018 asirinta ya tonu, kuma ɗan jarida ne ya bi diddigi. A 2023 kotu ta yanke mata shekara 7. A wannan shekarar ta 2023 hukumomin Amurka suka bayyana cewa an sayar da takardun kammala karatun nas na bogi sama da 7,600 ta wasu makarantu a jihar Florida. Wasu daga cikin masu sayen sun zauna jarrabawar lasisi sun ci, wato lasisin hannunsu na gaske ne amma karatun da ke ƙarƙashinsa babu shi. Shi ya sa duba lasisi kaɗai bai wadatar ba, kuma shi ya sa makonnin farko na sabon ma'aikaci a ƙarƙashin idon wani ya kamata ya yi su.

Wasiƙun shaidar su ne na fi so ki tsaya a kansu, domin a nan manhaja ta fi yaudara. Tsarin da aka saba shi ne mai nema ya rubuta adireshin imel na mai shaidarsa, manhaja ta aika fom, amsa ta dawo cike da yabo. Wa ya ce miki ba abokinsa ba ne, ko shi kansa da wani adireshin? Ki duba imel ɗin: na asibitin ne ko irin wanda kowa ke buɗewa kyauta? Sannan ki ɗauki waya. Kada ki kira lambar da ya rubuta. Nemo babbar lambar asibitin da kanki, ki ce a haɗa ki da shugabar sashen da ya yi aiki. Ki tambaye ta daga yaushe zuwa yaushe ya yi aiki, a wane matsayi, me ya sa ya tafi, ko an taɓa bincikensa a kan magani ko marar lafiya. Ki ajiye wannan ta zo ƙarshe: "Da zai dawo gobe, za ki karɓe shi?" Ki saurari amsar, ki kuma saurari tsawon shirun da zai zo kafin amsar. Wadda ta ce "to, ai yana da ƙoƙari" bayan dogon numfashi ta gaya miki abin da fom ba zai ɗauka ba.

Charles Cullen, nas a jihohin New Jersey da Pennsylvania, ya yi shekara 16 yana tashi daga wannan asibiti zuwa wancan kafin a kama shi a 2003, kuma ya amsa laifin kashe marasa lafiya 29. An sha zarginsa, an sha sallamarsa, amma wuraren da ya bari ba su faɗa wa na gaba abin da suka gani ba saboda tsoron ƙara a kotu. Lasisinsa na gaske ne, takardunsa cikakku. Duk wata manhaja da kore za ta nuna masa.

Hukumar NHS ta tsayar da bincike shida kafin mutum ya fara aiki: tabbatar da shi ne shi, izinin aiki, rajista da takardun karatu, tarihin aiki da shaidu, rahoton laifuka, da gwajin lafiyarsa game da aikin. Dokar ƙasarku ka iya bambanta, amma jerin ya dace da kowane asibiti. Na farkon kada ki raina shi: ya zo da kansa da takardun asali, ki kalli fuskarsa ki kalli hoton katinsa, musamman in ta bidiyo aka yi intabiyu. Giɓin da ke tsakanin aiki da aiki kuma a tambaye shi. Yawanci dalilin mai sauƙi ne, amma a ji daga bakinsa.

Ga shugabanku, kada ki je masa da "raina bai kwanta ba", ba zai ji ba. Ki je masa da takarda: ga abin da aka tabbatar, ga abin da ya rage, ga kwanakin da zai ɗauka. In ya dage, mutumin ya zo Litinin a zagaya da shi, ya karanta ƙa'idojin asibiti, amma kada ya taɓa marar lafiya ko makullin kabad ɗin magani sai an gama. Wasiƙar ɗaukarsa ta faɗi ƙarara cewa aikin ya rataya ne a kan sakamakon binciken.

Inda manhajar za ta yi miki rana da gaske shi ne bayan an ɗauke shi. Ki shigar da ranar ƙarewar lasisin kowane ma'aikaci, da ta rigakafinsa na ciwon hanta, da ta horon ceton rai, ta riƙa tuna miki wata biyu kafin lokaci. Wannan aikin kam ta fi ni da ke iyawa.

TAMBAYA: Hajiya, ni ma'aikacin ofis ne a wani asibiti. Mu shida muke shiga manhajar da lambar sirri ɗaya. Takardun waɗanda ba mu ɗauka ba kuma suna nan tun shekarun baya. Akwai matsala?
Daga ɗanki a ofis

AMSA: Akwai, ɗana, babba ma. Ranar da takardar wani ta fita waje, ko aka sauya makin wani da dare, manhajar za ta nuna suna ɗaya ne, ku shida kuma kowa zai rantse. Kowa ya samu tasa lambar, kuma mai ba da maki ba ya buƙatar ganin hoton fasfo ko adireshin gidan kowa. Wanda ya bar aiki a rufe tasa a ranar.

Tsofaffin takardu amana ce da lokacinta ya wuce. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da makamantanta a ƙasashe da dama, sun ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da buƙatar da aka karɓe shi dominta. Ku tsayar da wa'adi bisa dokar ƙasarku, ku sa manhajar ta riƙa gogewa da kanta. Wanda kuke so ku ajiye don gurbi na gaba, ku nemi yardarsa. Ka kuma duba fom ɗinku: in yana tambayar mai nema cututtukansa tun a farko, ku cire. A Amurka dokar 1990 ta kare masu naƙasa, a Birtaniya kuma dokar daidaito ta 2010, duk sun taƙaita irin wannan tambaya kafin a yi wa mutum tayin aiki. Ka tambayi kamfanin manhajar a wace ƙasa suke ajiye bayananku, da yadda za ku kwashe su in kun raba gari.

TAMBAYA: Hajiya, wasu suna kiran asibitinmu suna cewa sun biya kuɗin fom amma ba a kira su ba. Mu kuwa ba ma karɓar ko sisi.
Daga wata sakatariya

AMSA: 'Yar'uwa, wani ya kwafi tallarku da tambarinku yana cin kasuwa da su. Ku rubuta a saman kowace talla da shafin asibitinku cewa ba ku karɓar kuɗi a kowane mataki, ba ku da wakili, kuma hanyar nema guda ɗaya ce, ga ta. Saƙonninku su riƙa fita daga imel na asibiti kawai. Duk wanda ya kira, ki nemi ya turo muku hoton tallar da ya gani da lambar asusun da ya biya, ku tara su ku kai wa 'yan sanda da bankin, ku kuma sanar da shafin da aka liƙa tallar don a sauke ta. Gurbin da aka cike ku rufe tallarsa a ranar, domin tsofaffin tallace-tallacen da aka manta a buɗe su ɓarayin nan suka fi kwafa.